Ba Man Roni Ne Ya Kashe Motar Baba Ba

Tun da muka dawo kowa a gidanmu yake ba da labarin tafiyar nan, kuma kowa a karkace yake bayarwa. Masu cewa man bumburutun da na saya a Roni ne ya kashe motar Baba, ku huta, ba shi ba ne. Masu cewa na dawo ina ɗaure fuska don an yi mini faɗa a gaban mutane, ku ma ba ku gane ba. Faɗa bai taɓa hana ni cin tuwo ba. Kishi ne yake damuna, kuma da ƙanwata nake yi, uwa ɗaya uba ɗaya. Na faɗa. Mai shirin yi mini wa'azi ya bari ya karanta tukuna.

Mun tashi da asuba daga Kazaure mu huɗu: ni, Baba, Gwaggo ƙanwarsa, da autarmu da ta zo hutu daga makarantar kwana. Duk shekara in damina ta kankama Baba yakan zagaya 'yan uwan da ke noma masa gonakin gado, ya kai musu taki da irin wake, ya ga yadda gero ya fito. Tun da idonsa ya yi rauni ni nake tuƙa shi. Motar tsohuwa ce, doguwa, a gwanjo ya saye ta lokacin da ya ajiye aikin direban gwamnati, kuma ta girme ni nesa ba kusa ba. Amma makullinta a jakata yake kwana. Wasu 'yan matan da sarƙar gwal suke taƙama, ni da wannan makullin nake yi. Baba a gefena yake zama, yana ce mini Uwata saboda sunan mahaifiyarsa na ci, yana ba ni labarin hanyoyin da ya bi tun ba su da kwalta. Wannan kujerar ta gaba da hirar da ake yi a cikinta, su ne rabona a gidanmu.

An yi yayyafi kafin mu fito, motar ta ɗan yi gardama kafin ta tashi. Da muka hau titi ma ta riƙa fizga jefi-jefi. Ban kula ba, ni dai burina mu bar gari kafin masu babur su cika hanya. Daga baya na ji Auta ta ce, “Baba, ka ji tana tuntuɓe?” Ya ce ya ji. Na ce mata ta koma barcinta. Rana na ɗagowa fizgar ta ɗauke, na manta da zancen.

Wanda bai ga duwatsun Kazaure da damina ba bai san su ba. Da rani kamar an toya su, amma yanzu kore ya hau su har wuya, awaki sun tsaya a inda ko da tsani ba zan je ba. Hanyar Roni da sauƙi, sai dai wasu ramuka da ruwa ya cike, ba ka sanin zurfinsu sai ka ji Gwaggo ta yi salati. A Roni muka karya da ƙosai da koko. Ƙosan ya yi daɗi amma ya ƙanƙance, har Gwaggo ta ɗaga ɗaya ta tambayi mai suyar ko maɓalli take sayarwa. Matar ta ce ta je kasuwa ta tambayi kuɗin wake da man gyaɗa, in ta dawo sai su yi magana.

A nan na sayi man da ake ta magana. Allurar mai ta motarmu ta daɗe da mutuwa, da lissafin kai muke tafiya, kuma lissafina ya ce mun kusa ƙasa. Gidan man da muka samu babura sun yi layi har bakin titi. Baba ya ce mu jira. Ni da jira ba ma shiri, na tsallaka wajen masu sayarwa a galan, da tsadarsa da komai na ce a zuba. Ku riƙe wannan: da man nan motar ta wuni tana gudu kamar sabuwa. Mun shiga gona, mun fito, mun sauke taki, ko tari ba ta yi ba.

Bayan azahar muka kama hanyar Gwiwa. Mun taki sa'a ranar kasuwa ce, hanya cike da kekuna da babura, wani ya ɗaure tumaki biyu a baya, wani ya ɗauko ƙyauren ƙofa a kansa yana tuƙi da hannu ɗaya. Gero ya kai gwiwa, wasu har sun shiga maimai. Mun tsaya mun sha fura a wajen wata Bafulatana, nonon da kauri, ba irin na gari da ake yi wa wanka ba. Gwaggo ta sayi kwaɗon zogale a leda, ta yi ciniki kamar saniya za ta saya. Dab da shiga gari akwai inda ruwa ya kwanta a hanya. Na shiga da ɗan gudu, ruwa ya fantsama, motar ta yi fizga, ta yi kamar za ta mutu, sannan ta ware. Ta madubi na ga Auta ta miƙe zaune ta karkatar da kai kamar mai sauraron gulma.

A gidan Baffa, ƙanen Baba, muka kwana. Aka kwana ana ruwa. Da safe muka loda kaya za mu wuce Babura, na murza makulli. Inji ya juya, ya juya, ya ƙi kamawa. Da ya kama sai motar ta hau karkarwa, bututun hayaƙi ya yi tau kamar bindiga, kajin gidan suka watse, ta mutu.

Kun san halin mutanenmu. Mota ta lalace a ƙofar gida, kafin ka ce me, duk namijin da ke layin ya zama bakanike. Har wani tsoho da na tabbata jaki kawai ya taɓa korawa ya zo ya leƙa inji ya girgiza kai. Baffa ya tambayi inda muka sha mai. Ban buɗe baki ba Gwaggo ta ce, “A galan ta saya a Roni, Yaya ya ce ta jira ta ƙi.” Shi ke nan, an yanke hukunci. Wani ya ce an haɗa shi da kananzir, wani ya ce ruwa ne zalla. Wani ya sa tiyo ya zuƙa da baki, ya tofar, ya rantse ya ji ɗanɗanon ruwa. Aka juye man da na saya da tsada a robar wanki, aka aika aka sayo wani. Aka kwance kafireto aka wanke. Aka tura motar zuwa ƙarshen layi, aka turo ta ta dawo. Shiru kake ji.

Sai Baffa ya gyara tsayuwa ya ce, “Yaya, ba yau na fara faɗa maka ba, mota ba kayan 'ya mace ba ne. Ga ɗana nan zaune ba ya komai. In an gyara a ba shi makulli ya ƙarasa da ku, in ya so motar ta zauna a hannunsa, duk inda za ka ya zo ya kai ka.”

Na jira Baba ya ce a'a. Bai ce ba. Hannu kawai ya miƙo mini. Na zare makullin na sa masa a tafi, a gaban mutanen nan duka, ɗan Baffa yana tsaye yana murmushi har ya fara naɗe hannun riga. Ban yi kuka ba, na dai koma gefe na tsaya.

Auta ce ta yi magana. Tana tsaye da kofin kunu a hannu, ta ce, “Baba, ba wannan man ta sha jiya ta wuni tana gudu ba? Ita fa sai an yi ruwa take wannan abin. Jiya da asuba ta yi, da muka shiga ruwan can ta yi, yau ga shi. Ni dai na ce wuta ce, ba mai ba.”

Baba ya juya ya dube ta. Ya yi wani murmushi da ban taɓa ganin ya yi mini irinsa ba, ni da nake kai shi asibiti, nake kai shi ɗaurin aure, nake jiransa a rana a ƙofar masallaci. Ya ce, “To Auta, zo ki nuna mana.” Sannan ya miƙo mini makullin ya ce, “Uwata, shiga ki riƙa murza mana.”

Na shiga na zauna. Bonet a ɗage a gabana kamar katanga, ba na ganin komai sai hannuwansu ta ɗan tsagin da ke ƙasa. “Murza!” Na murza. “Tsaya!” Na tsaya. A nan ne abin ya faɗo mini. Shekara da shekaru haka muke. Duk safiyar da motar nan ta yi gardama a gida, ni ina nan a kujera ina murzawa ina tsayawa, ina ganin ni ce mai mota. Ita kuwa tana ɗaya gefen, tana riƙe wa Baba tocila, tana miƙa masa sifana. Ni na ɗauka aike ake yi mata. Ashe makaranta take, a ƙofar gidanmu, ina zaune ina danna waya.

Na kasa daurewa. Na ce wa ɗan Baffa tunda yana son makulli ya zo ya murza, na fito na kutsa tsakanin maza na tsaya a kansu.

Ga abin da na gani, ga masu irin motarmu. Akwai wani abu a jikin inji mai baƙar hula, wayoyi masu kauri sun fito daga kanta, makanikai suna ce masa distirbita. Aikinsa raba wuta: waya ɗaya ta tsakiya ce ke kawo ta daga kwayil, inda wutar take tasowa, shi kuma ya bi fulogai ɗaya bayan ɗaya yana ba su. Auta ta samo busasshen karan dawa daga madafa, ta tsaga bakinsa, ta maƙale wayar tsakiyar da shi don kada wuta ta ja ta, ta kai bakin wayar kusa da ƙarfen inji. Aka murza. Wuta ta yi tsalle, shuɗiya, tas tas tas. Ta ce to kwayil lafiyarsa ƙalau. Ta mayar, ta zare wayar fulogi ɗaya ta yi mata haka. Wannan karon da ƙyar ake ganin wutar, ja-ja, wani juyin ma babu. Ta ce, “Wuta tana shiga da ƙarfinta, ba ta fitowa. A cikin hular take ɓata.”

Wani mai taimako ya kai hannu zai tsige wayoyin gaba ɗaya, Baba ya buge hannun, ya ce kowace da gurbinta, in suka cakuɗe sai mu ƙara kwana. Auta ta ɓalle maƙallan gefe ta kifo hular da wayoyinta. Cikin hular ya yi gumi kamar murfin tukunya. Ta goge da gefen mayafinta, ta karkata ta wajen haske, sai ga wani siririn baƙin layi kamar an ja da fensir, daga tsakiya har baki. Tsaga ce. In an yi ruwa damshi ya shiga, wuta ta bi tsagar ta zube a jikin ƙarfe maimakon ta je fulogi. In rana ta yi inji ya bushe, sai motar ta yi kamar ba ita ba. Baba ba ya iya ganin layin. Ita ta kama yatsansa ta ɗora a kai, ya shafa, ya ce, “Ita ce.”

Sai ta ɗago ta ce, “Yaya, ba ni jan farcen nan na cikin jakarki.”

A gaban Baba. A gaban Baffa da rabin mazan Gwiwa. Gwaggo ta ce, “Au, har da jan farce ake yawo?” Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ɗauko na miƙa ba tare da na kalli kowa ba. Ta kankare baƙin layin da reza, ta shafa jan farcen a tsagar ciki da waje, ta riƙe hular a rana har ya bushe, ta mayar. Murzawa ɗaya motar ta tashi, tana wani gurnani mai santsi kamar ba ita ta tara mana jama'a ba.

Baffa ya ce ai shi ma tun farko zuciyarsa ta ba shi wuta ce. Wanda ya sha mai da tiyo ya sulale. Ba wanda ya ce mini yi haƙuri, kuma man da ke robar wanki ban san inda ya shiga ba, na dai ga baburan layin sun yi ta kai da kawo. Zancen ɗan Baffa ya mutu a nan, makulli ya dawo jakata. Na sani sarai Auta ce ta dawo mini da shi. Kuma wallahi da za a buɗe zuciyata a lokacin, godiyar ba ta kai rabin haushin ba.

Da za mu tashi Baba ya buɗe ƙofar baya ya shiga kusa da Gwaggo. Ya ce Auta ta zauna gaba, kunnenta ya fi nasa yanzu, ta riƙa sauraron inji.

Haka muka yi doguwar hanyar Babura, muka bi ta ɓangaren Yankwashi, muka wuce Achilafiya. Ƙasa ta riƙa canjawa, duwatsu suka ƙare, yashi ya fara, gonakin riɗi da gyaɗa shimfiɗe har inda ido ya tsaya, garken shanu suna tsallaka titi ba sa ko kallon hon. Wuri ne mai kyau, na yarda, amma ni ta gefen ido nake kallon ƙanwata ta ɗora gwiwar hannu a taga, a kujerar Baba, tana ce mini, “Yaya, ki rage gudu a ruwan can, jan farce ne fa ba walda ba.” Na ce in ta ƙara koya mini tuƙi zan sauke ta ta bi shanu. Ta ce in sauke ta mana, in motar ta tsaya sai in kira ta a waya. Baba yana baya yana dariya har da tari. Duk labarin da ya bayar a hanyar nan ta kaina ya bi ya wuce, ita yake ba wa.

Babura ta cika da baƙi daga ƙetaren iyaka. Ka tambayi kuɗin abu a fara gaya maka da sefa, sai ka ce kai naira gare ka sannan a juya. Mun ci tsire mai ƙuli sosai, Gwaggo ta sayi cuku da dabino na tsaraba. A wajen wani mai kayan gyara na hannu muka samu hular distirbita, ya ce a can ƙetare irin motarmu har yanzu suna aiki, shi ya sa kayansu ba sa yankewa. Auta ta ƙi ta farko da ya miƙo, ta ce ɗan gawayin tsakiyarta mai karɓar wuta ya cinye, ta zaɓi wata. Ta mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya, Baba yana tsaye a kanta. Mai shagon ya riƙa ce mata Injiniya. Ni kuma ya ce, “Direba, ɗan matsar da motar gaba.” A gidan 'yan uwanmu na Babura, kafin a kawo ruwa Baba ya fara ba da labarin karan dawa da jan farce. Aka zo kaina ya ce, “Uwata ma ta yi ƙoƙari, ta tuƙa.” Ta tuƙa. Tsiren nan ban ji daɗinsa ba har yau.

Washegari muka dawo Kazaure da la'asar, ruwa ya tare mu a hanya, motar ko gezau. A ƙofar gida, kafin a sauke kaya, Baba ya yanke nasa hukuncin. Makulli yana hannuna, ba mai karɓa. Amma daga yau ba doguwar tafiya sai da Auta a mota, don shi idonsa ya daina ganin tsaga, kuma ba zai yarda mu tsaya a daji da wadda murzawa kawai ta iya ba. Auta kuwa hutunta ya kusa ƙarewa. Kenan in ta koma makaranta, ni da motar iyakarmu kasuwa da asibiti.

Na bi shi har zaure na ce, “Baba, ni me ya sa ba ka taɓa koya mini ba?” Ya ce, “Uwata, ita ma ban koya mata ba. Tsayawa take yi.”

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. In mota tana gardama bayan ruwa ta ware da rana, a duba wuta kafin a zubar da man mutane. In taro ya haɗu a kan magana ɗaya a ƙofar gida, ba shi ke nuna sun duba ba. Kuma riƙe makulli daban, sanin mota daban. Kishin kuwa yana nan, bai tafi ko'ina ba, kada wani ya rubuto mini cewa ai 'yar uwata ce. Na san 'yar uwata ce, shi ya sa ya fi ciwo.

Na same ta a ɗaki na ce kafin ta koma makaranta, kullum da safe za ta fito ta buɗe mini bonet ta nuna mini komai, tun daga kwayil har fulogi na ƙarshe. Ta ce da sharaɗi: zan wanke mata kayan makaranta, kuma muddin bonet yana ɗage, Malama zan riƙa ce mata. Na yarda. Gobe za mu fara. Gwaggo na roƙa ta zauna a kujerar direba ta riƙa murza mana, ni ina ɗaya gefen.